Farin Faci a Tsohuwar Gada

Shekara talatin da ɗaya Magini yana kula da tsohuwar gadar dutse ta garinsu, amma in ka sauka a tasha ka ce a kai ka wurin Mai Gada, wallahi ba ƙofar gidansa za a nuna maka ba. Wurin ƙaninsa za a kai ka, mutumin da ko cokalin gini bai iya riƙewa daidai ba. To, wannan abu shi ke cin Magini. Ya ci shi da safe, ya ci shi da rana, har abinci ya daina yi masa daɗi a baki. Kishi ne, ba wani suna da za a saya masa, ko da yake in ka faɗi haka a gabansa sai ya nemi guduma.

Gadar kuwa ta isa a yi kishi a kanta. Ƙofofin ruwa biyar gare ta, kowace an lanƙwasa samanta da dutse kan dutse, ba ƙarfe, ba ƙusa. An ce ta haura shekara ɗari uku. Fatake ne suka haɗa hannu aka gina ta, bayan kogin ya cinye musu ayari guda da dabbobinsa a wata damina. Har yanzu in ka sunkuya za ka ga kwarin da ƙafafun amalanke suka ci a jikin dutsen, layi biyu, sumul. A kan kowane ginshiƙi an fitar da ɗan lungu inda mai tafiya a ƙasa zai raɓe in kaya sun zo wucewa. Da aka yi sabuwar gada ta kankare can gaba, sai aka hana motoci hawa tsohuwar, kowa ya ɗauka tata ta ƙare ke nan. Ashe lokacin ma kasuwarta za ta buɗe. Baƙi suka fara zuwa, da farko ɗaya-ɗaya, daga baya mota-mota. Da la'asar, in ruwa ya kwanta, kowace ƙofa sai ta haɗu da inuwarta ta zama zobe, ka ga mutane sun jeru a gaɓa, kowa ya ɗaga waya sama sai ka ce masu neman sabis. Mai shayi ya kafa teburinsa a bakin gada, mai hoto ya kafa nasa, har da wata mai sayar da 'yan ƙananan gadoji na yumɓu.

Ƙanin nan, tun suna yara Magini ya laƙaba masa Aku, don bakinsa ba ya hutawa. Ya gwada sayar da takalma, ya gwada gyaran rediyo, ya gwada tuƙi, duk ya watsar. Rannan yana zaune a bakin gada ba aikin fari ba na baƙi, wasu baƙi suka tambaye shi ko ya san wanda ya gina ta. Ai kuwa sun sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya zuba musu labari na awa guda, suka tafi suna waiwayensa. Daga ranar sai sana'a. Yanzu in ka gan shi, ga hula mai faɗi a ka, ga 'yar sanda a hannu, ga kati na lilo a wuya, kowa Mai Gada, Mai Gada. Sau huɗu a rana yakan tsayar da baƙi a tsakiyar gadar, ya buga sanda a ƙasa, ya ɗaga murya:

"Ku matso, jama'a, ku shafa da hannunku! Shekara ɗari uku, ruwa ya yi, iska ta yi, yaƙi ya ratsa ta kanta har sau biyu, amma ko dutse ɗaya ba a taɓa canzawa ba. Yadda magabata suka ajiye ta, haka kuke ganinta!"

Sai a ɗauki tafi. A daidai lokacin Magini yana ƙarƙashin ƙafafunsu, cikin kwalekwale, kwaɓi har gwiwar hannu, yana cusa dutsen da ya canza a ranar. Yakan ji tafin nan raf-raf-raf a bisa kansa, sai ya tofar da yawu a ruwa ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi."

Laifin kuwa, in laifi ne, na mahaifinsu ne. Shi ya koya wa Magini aikin, da ƙa'ida guda tak: gyaran da ido ya gane ba gyara ba ne, ɓarna ce. Saboda haka Magini ba ya sa sabon dutse a jikin gada. In ya sassaƙa dutse, sai ya ɗaure shi da igiya ya nutsar da shi a kogi, bayan ginshiƙi na ƙarshe, ya bar shi damina biyu, har ya sha laka ya yi duhu, gansakuka ta kama shi. Ko yaushe yana da ashirin ko talatin a ƙarƙashin ruwa suna jiran ranarsu. Kwaɓinsa kuma farar ƙasa ce da yashin kogin da 'yar toka, ya yi ta cuɗawa har launin ya zo daidai da na da. In ya gama ya ja da baya, shi kansa sai ya laluba kafin ya gane wurin.

Shekara goma sha tara da suka wuce, tun baƙi ba su san hanyar garin ba, ambaliya ta tafi da rabin ƙofa ta uku. Shekara uku ya yi yana mayar da ita, dutse ɗari biyu da goma sha biyu, kowane ya san shi kamar yadda ya san 'ya'yansa. A nan rabin ƙaramin yatsansa na hagu ya tafi. Kuma ita ce ƙofar da baƙi suka fi ɗauka a hoto.

Wata rana ya dawo gida ya tarar da matarsa a tsakar gida tana duba wata takarda mai launi, irin wadda ake rabawa a otal. Hoton gadar ne, ga Aku a gaba ya washe baki, yana nuna ƙofa ta uku da sandarsa.

"Ka ga ƙaninka ya fito fes," in ji ta.

"Na gani."

"Hular ta karɓe shi."

"Hular aro ce."

"To, Maigida, mene ne na ɓata rai? Shi da baki, kai da hannu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

"Wa ya ce miki raina ya ɓaci?" Ya ture kwanon abincin da ta ajiye masa, har murfin ya faɗi yana ƙara.

Ta bi murfin da kallo har ya tsaya. "Ba wanda ya ce. Kwano ne ya gaya mini."

Ana nan sai ga wata mata daga ofishin adana kayan tarihi na babban birni, an turo ta ta duba gadar, don ana so a sa ta cikin jerin abubuwan da ƙasa ke alfahari da su. Masaniya ce ta gaske, an ce littattafanta a kan tsofaffin gine-gine sun kai biyar. Kwana uku ta yi tana aune-aune, da 'yar tabarau a kan hanci da littafi a hammata. Aku na gabanta yana zuba, Magini na bayanta yana ɗauke da tsani.

A rana ta uku suka shiga kwalekwale zuwa ƙarƙashin ƙofa ta uku. Ta hau tsanin, ta daɗe tana shafa gaɓoɓin dutsen da yatsa, tana girgiza kai.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba. Duk gadar, nan ne suka fi nuna gwaninta. Irin wannan hannu ya ƙare a duniya, ba za a ƙara yin sa ba."

Wani daɗi ya taso wa Magini tun daga yatsun ƙafa, har ya ji idonsa na neman kawo ruwa. Amma yabon kai jahilci ne, kuma ga wanda ya kamata ya faɗa yana zaune a gefensa. Ya dubi Aku. Aku ya dube shi, ya ɗan kashe masa ido ɗaya, yana murmushi. Magini ya jira. Aku ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ai ranki ya daɗe, mutanen da ba su bar wa na baya komai ba."

"Baba, riƙe tsanin da kyau, yana rawa," in ji Masaniya daga sama.

Da ta sauko ne ta tambayi Aku ko wane ne wannan dattijo.

"Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke kula mana da ita."

"Cire ciyawa da su shara ko? Madalla, Baba, Allah ya saka."

Kafin ta shiga mota ta gaya musu za ta dawo da kwamiti bayan damina, a kafa allon ƙarfe a bakin gada mai ɗauke da tarihinta. Ta ce a ƙasan allon za a rubuta godiya ga Mai Gada, wanda ya raya wannan wuri da bakinsa. Aku ya rusuna har hularsa ta kusa faɗuwa. Magini ya saɓa tsaninsa ya nufi ɗakin ajiya da ke gindin gada, ya jefar da shi a ƙasa da ƙarfin da ya sa matakala biyu suka ɓalle.

Tun daga ranar ya daina amsa gaisuwar ƙaninsa da baki, sai dai da ka. In Aku ya aiko da 'ya'yan itace gidan, sai ya ce a ba maƙwabta. In ya ji muryarsa a kan gada, sai ya ƙara wa guduma ƙarfi don kada ya ji. Amma ina, kunne ba shi da murfi. Kashe idon nan da aka yi masa a cikin kwalekwale shi ya fi tsaya masa a rai. Wato raini ne ma, ko? Wato kai yi ta wahala, ni in yi ta cin suna.

Damina ta zo da ƙarfinta. A watanta na biyu ruwa ya kwashe duwatsu bakwai daga gefen ƙofa ta biyu, ta fuskar da ke kallon gaɓar da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Aikin mako biyu ne, ya yi irinsa ya fi sau ɗari. Da ruwa ya ja, ya tura kwalekwale zuwa bayan ginshiƙi na ƙarshe, ya jawo igiya, dutse ya fito baƙi wuluk, sanye da gansakuka, daidai wurin. Ya daɗe yana riƙe da shi a cinya, ruwa na zuba a wandonsa. Can sai ya ji an buga sanda a bisa gada, ya ji "Ku matso, jama'a!" Sai ya saki igiyar, dutsen ya koma ƙasa.

Washegari ya ɗauki hayar amalanke ya tafi wurin fasa dutse, ya zaɓo bakwai sababbi, farare tas. A tsakar gidansa ya sassaƙa su, kuma Allah ya sani bai taɓa zuba gwaninta a kan dutse kamar wannan karon ba. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ido zai ga farin, baki zai tambayi wanda ya yi, shi kuma sai ya fito ya ce ga shi. In an tambaye shi, ai ba yabon kai ba ne, amsa ce. Daga nan sai ya kama hannun Masaniya ya kai ta ƙofa ta uku, ya ƙirga mata ɗari biyu da goma sha biyu a gaban kowa, a ga inda Aku zai sa hularsa.

Matarsa ta tsaya a kansa da tsintsiya a hannu, tana kallon farin garin dutse da ya rufe mata tsakar gida.

"Waɗannan yaushe za su shiga ruwa?"

"Ba za su shiga ba."

"Haka za ka sa su? Farare?"

"Ke magina ce?"

"Ni ba magina ba ce, amma shekara talatin ina wanke rigar magini. Ko Babanku da ke kabari ya ga wannan sai ya juya. Maigida, ka ji tsoron Allah, kishin ƙaninka kake yi."

"Kishi? Ni? In yi kishin wanda na goya a bayana?"

"Shi ya fi zafi ai."

Ya ci gaba da sassaƙa bai ɗago ba. Ta yi ƙwafa, ta ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ta shige ɗaki.

Ya kafa katakai a jikin ƙofa ta biyu, ya rufe wurin da tamfol, ya yi aikinsa a ciki ba mai gani. Kwaɓin ma bai sa masa toka ba, ya bar shi fari ƙal. Sau biyu Aku yana leƙowa daga bisa gada.

"Yaya, in zo in gani? Jibi fa kwamiti za su iso."

"Je ka ji da bakinka."

"Na san ka ai. In ka cire tamfol ɗin nan, ko aljani ba zai gane wurin ba."

Maganar ta ɗan taɓa Magini, har ya ajiye cokali ya dubi aikin. Da a ce ya so, akwai sauran kwana biyu, zai iya shafe su da laka ko yaya. Sai ya tuna allon ƙarfe, ya ɗauki cokalinsa.

Ranar da kwamiti suka zo, gaɓar kogi ta cika. Motoci uku daga babban birni, shugaban ƙaramar hukuma da mutanensa, masu ɗaukar hoto, ga baƙi na yau da kullum. Magini ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Masaniya ta hango tamfol ta tambayi abin da ke ƙarƙashinsa, aka ce ɗan gyara ne bayan ruwa. Ta ce a cire, zai ɓata hoto. Magini ya shiga kwalekwale da kansa, ya kwance igiyoyin, tamfol ya zame ya faɗa ruwa.

Rana ta daki duwatsun nan bakwai suna ƙyalli a tsakiyar baƙin bango. Can wani daga cikin baƙin ya ce, "Kai! Sai ka ce haƙorin roba a bakin tsoho." Dariya ta ɓarke daga baya, ta biyo layi har gaba. Masaniya ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau, ta mayar, ta sake cirewa.

"Wane ne ya yi wannan?"

Tambayar da ya shekara talatin da ɗaya yana jira ke nan. Sai dai ba da wannan murya ya saba jin ta a ransa ba. Ya fito daga kwalekwale, ƙasan rigarsa ya jiƙe, ya tsaya a gabanta.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Kai? Mai cire ciyawa? Wa ya ba ka izinin taɓa ta?" Ta nuna ƙofa ta uku da littafin hannunta. "Baba, dubi can. Dubi abin da mutane suka yi shekara ɗari uku da suka wuce, ba inji, ba makaranta. Sannan ka dubi naka. Ko kunya ba ka ji ba?"

"Waccan ɗin ma ni na yi."

Wannan karon har shugaban ƙaramar hukuma sai da ya rufe baki da hannu. Magini ya shiga bayani, maganar na tuntuɓe a bakinsa, don shi ba gwanin zance ba ne: ambaliya, shekara uku, ɗari biyu da goma sha biyu. Ya ɗaga guntun yatsansa ya nuna. Da ya ga ba wanda ya motsa, sai ya ce su jira, ya tura kwalekwale zuwa ginshiƙi na ƙarshe, ya jawo dutse guda daga ruwa, ya kawo ya ajiye a gabanta yana haki.

Masaniya ta durƙusa ta shafa shi, ta juya shi, ta kankare gansakukar da farce. Ta ɗago a hankali.

"Inna lillahi. Wannan ai na asali ne, cikin waɗanda suka faɗo. Wato suna nan a ruwa, ka san inda suke, ka bar su ka je ka kwaso waɗancan?" Ta juya wurin Aku. "Mai Gada, ba kai ka ce mini ba a taɓa canza ko dutse ɗaya ba?"

Aku ya cire hularsa. Tun da Magini ya san shi bai taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba sai ranar. Ya dubi taron da ke ciyar da shi, ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙarya nake yi. Yayana ya faɗi gaskiya. Ƙofa ta uku aikinsa ce, ina nan aka yi, ni nake kai masa abinci. Mai shayi ma ya sani. Ko ba haka ba, Mai shayi?"

Mai shayi ya sani sarai. Amma shi ma da wannan labari na ba a taɓa canza dutse ba yake sayar da shayinsa. Ya sunkuya yana hura wutar da ba ta mutu ba. Mai hoto ya shiga goge gilashin kyamara.

Masaniya ta dafa kafaɗar Aku. "Na gane. Ɗan'uwa rabin jiki, ko ni ce zan kare nawa. Amma ni aikina ke nan, na san tsohon dutse in na gan shi." Ta ce da shugaban ƙaramar hukuma a karɓi mabuɗin ɗakin ajiya daga hannun dattijon nan yau, kada ya ƙara taɓa gadar, ofis zai turo kamfani ya gyara ɓarnar. Allon kuwa sai an gama.

Da la'asar Aku ya sami Magini a tsakar gida, zaune a kan turmin da aka kife, bai ko cire rigar ba. Matar Magini ta kawo ruwa ta ajiye, ta koma ɗaki.

"Yaya, me ya sa?"

"Kai za ka tambaye ni? Shekara nawa kana tsaye a kaina kana cewa ba a taɓa canza dutse ba? Ta yabi aikina a gabanka, ka kashe mini ido kana dariya."

Aku ya riƙe haɓa. "Dariya? Yaya, murna nake yi! Masaniya guda, mai littafi biyar, ka rufe mata ido ruf. Na ɗauka kai ma daɗi kake ji. Ba kai ka ce mini ba, ranar da ka sauke katakan ƙofa ta uku, duk ranar da wani ya gane inda ka taɓa, to ka sha kaye? Wallahi duk lokacin da na faɗi maganar nan suka yi tafi, a raina sai in ce, Yaya ya sake cin su. Ni na zaci wasanmu ne, ni da kai."

Magini ya dubi ƙasa. Ya tuna ya faɗi hakan kuwa, har da bugun ƙirji.

"Da ka ce mini kana so a sani," in ji Aku, muryarsa ta dushe, "da na hau kan gadar nan na yi ta kiran sunanka har maƙogwarona ya tsage. Baki ne fa kawai gare ni, kuma naka ne."

Magini ya tura wa ƙaninsa kofin ruwan. Aku ya sha rabi, ya tura masa sauran.

Bayan mako uku kamfanin ya iso. Suka kewaye gindin gada da jar igiya, suka kafa ƙarafa. Magini ya rantse ba zai je ba, amma hantsi bai yi ba sai ga shi a gaɓa, hannu a baya, yana kallon yadda ake ɓalle duwatsunsa da inji. Wannan bai dame shi ba, sun cancanci haka. Abin da ya sa gabansa ya faɗi shi ne motar da ta ja baya ta tsaya, aka fara sauke buhunan siminti.

Bai san lokacin da ya tsallake igiyar ba. Ya nufi wani saurayi mai hular kwano da takarda a hannu, wanda ake kira Injiniya.

"Ɗana, don Allah kada ku sa mata siminti. Dutsen nan yana shan ruwa yana fitarwa ta gaɓoɓinsa. In kuka toshe da siminti, ruwan zai kwanta a ciki, ya ci dutsen ta baya. Shekara goma ba za ta cika ba sai ƙofar nan ta tsage. Farar ƙasa ake sa mata, da yashin nan na kogi. Ni zan nuna muku, ba sai kun ba ni komai ba."

Injiniya yaro ne mai ladabi, ya saurare shi har ƙarshe, har ya ɗan karkata kai kamar maganar ta shige shi. Ya dubi buhunan, ya dubi gadar.

"Baba, kai wane ne a nan?"

Kafin Magini ya amsa, wani lebura daga kan ƙarafa ya ce, "Oga, ai shi ne mai farin facin."

"Au." Injiniya ya naɗe takardarsa. "To, Baba, mun ga aikinka. Don Allah koma bayan igiya, kada wani abu ya faɗo maka."

Aku ne ya bar baƙinsa a tsakiyar labari ya sauko da gudu, ya kama shi ta gwiwar hannu, ya ɗaga masa igiyar ya sunkuya ya wuce. Suka tsaya tare a cikin 'yan kallo. Aka tayar da injin kwaɓi, ƙararsa ta cika kogin. Magini yana ta cewa farar ƙasa, farar ƙasa, amma ko Aku da ke riƙe da shi ba ya jin abin da yake faɗa. Yana kallo aka miƙa kwanon siminti na farko sama.